Sarƙar Inna a Kwalbar Awo

Litinin, 3 ga Maris

Gobe zan koya wa 'yan aji biyu densiti, wato nauyin abu gwargwadon girmansa. Bara da dutse da ƙusa na yi darasin, rabin ajin suna gyangyaɗi. Bana da sarƙar gwal ɗin Inna zan je, wadda Yaya ta ba ni bayan rasuwa, ta ce Inna ta bar wasiyya tawa ce. In sun ga gwal ai sa buɗe ido.

Talata, 4 ga Maris



Na rubuta musu a allo: a auna nauyin abu da giram, a duba gurbin da ya ci a ruwa da mililita, a raba na farko da na biyu. Ruwa ɗaya ne, ƙarfe kusan takwas, gwal zalla sha tara da ɗoriya. Na ɗora sarƙar a sikeli, giram 54. Na ce musu ruwan zai hau mililita uku ko kusa da haka, har da 'yar taƙamata. Na zura ta cikin kwalbar awo. Ruwa ya hau shida da rabi.

Wata a layin gaba ta ce, "Malama, takwas da ɗigo uku na samu." Na ce kumfa ce ta maƙale. Muka girgiza, muka sake. Haka dai. Sai na ɗora wa sikeli laifi, alhali da hannuna na daidaita shi da safe.

Alhamis, 6 ga Maris

Na kai wa maƙerin gwal. Ya goga ta a ɗan baƙin dutsensa, ya ɗiga wani ruwa, ya dube ni da tausayi. "Malama, tagulla ce aka yi wa wankan gwal. Aikin ma sabo ne." Sarƙar Inna kuwa ta girme ni.

Hannu ɗaya ta bi kafin ta zo wuyana. Ɗaya tak.

Asabar, 8 ga Maris

Na tarar da Yaya tana guga. Ban ma ƙarasa gaisuwa ba, na ajiye sarƙar a kan zanen da take gogewa. Na so ta yi musu, wallahi na so. Ko ta ce ita ma cutar ta aka yi. Sai ta kashe dutsen guga, ta shiga ɗaki, ta fito da ta ainihin a ƙulle cikin tsohon ɗankwalin Inna.

Da ta sa min a tafin hannu, nan take na gane. Ta fi waccan siranta, amma sai da hannuna ya yi ƙasa.

Abin da nake iya tunawa na maganarta: "Wa ya yi jinya, Auta? Wa ke juya ta a gado, wa ke wanke ta? Kina can kina karatu, sai dai ki bugo waya. Da ta zo yin wasiyya, ina zaune a gefenta da kofin magani, sunanki ta kira."

Na ce, "Yaya, da kin tambaye ni ai da na bar miki."

Ta ce, "Kyauta daga hannunki? Ita na so ta ba ni."

Ba sarƙar ce ke cina ba. Ranar da ta ba ni ta bogin, ita ta ɗaura min a wuya da hannunta, muna kuka tare. Duk taron da muka haɗu sai ta gyara min ita ta ce, "Kamar Inna sak." Ashe dubawa take ko wankan ya fara fita.

Na ajiye mata duka biyun na fito. Ba ta kira ni ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Wuyana wayam. Sai in kai hannu, in tuna.

Laraba, 19 ga Maris

Baban yara ya ce in yi haƙuri, ni da Yaya ciki ɗaya muka fito, kuma jinyar nan ba ƙarya ta yi ba. Na sani. Sanin bai rage komai ba. Ta bugo yau ina kallon wayar har ta katse.

Na sake darasin da ƙusa da dutse. Lissafi ya fita daidai, yara suka yi hamma.

Juma'a, 28 ga Maris

Bayan an tashi na tsaya kulle ɗakin gwaji. Kwalbar awo na kan tebur da sauran ruwa a ciki. Ban san lokacin da na zare zoben da Baban yara ya ba ni da muka yi aure ba. Mutumin da bai taɓa yi min ƙarya ba, iya sanina.

Ban jefa shi a kwalbar ba. Na zubar da ruwan, na kife kwalbar, na mayar da zobena. Ni ba mai zargi ba ce, ban taɓa zama ba.

Giram shida ne dai. Sikelin yana kunne da na ajiye zoben a kai, shi ya sa na gani.