Gangar Baffa Idi Ta Sha Kulorin

Assalamu alaikum, Yaya Sani.

Ina gajiya, ina zafin Jidda? Yaya Halima da yara? Mu nan Abu Hujar lafiya lau.

Albishirinka! Mun yi nasara kan masu karo, masu amalanken jakin nan da ke kawo mana ruwan kogi a ganga. Tun da amai da gudawa ya ɗauke mini 'yata Ummi bara ban huta ba. Bana mu mata munka tafi mahalliya, ofishin ƙaramar hukuma, da ƙafarmu, munka ce ba mu tashi sai an ba mu duba-gari. Ya zo ya hana ɗibar ruwa inda ake wanke jakuna, ya ce duk gangar da ba a sa wa maganin kulorin ba, kada ta shigo unguwa.

Shugaban masu karo, Baffa Idi, ya yi tsalle: "Ruwa mai gudu ba ya ɗaukar najasa!"

Na ce, "To Baffa, wane ruwa Ummi ta sha?"

Washegari jakin Baffa ne farko a layin sa maganin.

Damina ta wuce, Yaya, ba a haƙa kabarin yaro ko ɗaya ba.

In ka shiga Harami ka sa mu a addu'a, har da Ummi. Inna na gaishe ka.

Ƙanwarka,
Saude