Bakin Zaren da Na Riƙe

Zuwa ga Baban Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Ya aikin hanya, ya ciwon bayan nan? Ka yi haƙuri da rubutuna, layin sai hawa tudu yake yi, amma da hannuna na yi.

Albishirinka. An ƙirƙiro gasar wasanni ta yaran lardinmu, wannan ce ta farko: gudu, tsalle, ƙwallo, har da tseren keke. Gunduma bakwai za su haɗu ranar Asabar, kuma Auta ce za ta yi wa tamu gudu. Auta fa, wadda ko shago ba na aikenta tun da ta yi ciwon ƙirji! Likita ya ce ta warke sarai. Na sa hannu a takardar amincewar iyaye, amma ni kwana biyu abinci ya ƙi shiga.

Komai haɗa shi ake yi. Kafinta ya ba da sanduna, mai fenti ya ja layuka, ni tela aka ce in kawo zaren da ake tarewa a ƙarshen tsere. Ka san ba na ba da zaren banza. Na tufka na ɗinkin jaka, riɓi uku.

Taka,
Maman Auta

Baban Auta,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, zauna ka sha labari.

A gwajin safe yaron farko ya iso a guje, zarena ya ƙi tsinkewa, ya mayar da shi zaune daɓas. Ashe so ake ya tsinke. Babu wani zaren, babu lokaci. Malamin wasanni ya damƙa mini bakin zaren, ya ce da ƙirjin yaro ya taɓa in saki, in na makara zaren zai yanki yaron.

Da aka fara tseren 'yan mata na duba hannuna, ashe na naɗe zaren a yatsu ban sani ba. Ga Auta ta karyo kwana, kafaɗa da kafaɗa da wata doguwa, baki buɗe kamar lokacin ciwon nan. Zuciyata ta ce in ruga in tare ta. Ina warwarewa, fili ya ɗauki ihu. Ta iso. Na saki.

Ta wuce ni da zaren a ƙirji, ko waiwaye babu. Ita ce ta ɗaya!

Baɗi a babban gari za a yi, kwana uku. Ta roƙe ni, na ce ta je. Kai dai ka dawo kafin lokacin, a samu mai riƙe ni.

Ka huta lafiya.

Taka har kullum,
Maman Auta