Na Ɓoye Takardar Asibitin Ɗiyata Shekara Biyu

Assalamu alaikum Anti Balkisu. Don Allah ki taimaka mini da shawara, abin ya fi ƙarfina, kuma kunya ta hana ni faɗa wa kowa.

Ni direba ne, ina jigila tsakanin Gusau da Tsafe, gidana yana Kwatarkwashi a ƙaramar hukumar Bunguɗu. Ɗiyata Juwairiyya shekararta biyu da wata tara. Kwana uku da haihuwarta idanunta suka yi ɗorawa, Inna mahaifiyata ta ce ciwon shawara ne, aka yi ta ba ta jiƙo ana shanya ta a hantsi. Har ta kai wata tara wuyanta bai tsaya ba, ba ta zama. Da uwarta Wasila ta kai ta rigakafi, wata ma'aikaciya ta rubuta takarda ta ce a kai ta babban asibiti a Gusau. Wasila ta miƙo mini, na jefa a aljihun mota. Bayan kwana biyu na ce mata na nuna wa likita, ya ce ba komai. Anti, ƙarya na yi. Ba wanda na nuna wa.

Na yi ta gaya wa kaina ai yayana Mahadi ma sai da ya shekara uku ya yi tafiya. Amma gaskiya tsoro nake ji a ce a tasha na haifi musaka.

Yanzu sai jan gindi take yi, ko Baba ba ta taɓa cewa ba, in an kira ta ta baya ba ta waiwayowa. Wasila ta daina zuwa biki da suna. Ba ta taɓa ɗora mini laifi ba, kullum cewa take tunda likita ya ce ba komai, lokaci ne.

Makon jiya na ɗauko wata mata daga Tsafe da ɗanta mai takalmin asibiti. Na tambaye ta labarinsa, ashe shi ma haka ya faro kamar Juwairiyya, ta ce tun yana wata bakwai take kai shi gashin ƙashi duk Talata. Da muka iso Gusau, yaron nan da ƙafarsa ya sauka, yana dafa ƙofa. Ban iya yin wani lodi ba ranar. Na buɗe aljihun mota, takardar tana nan, ta yi baƙi.

Anti, na makara ko? Ta ina zan fara? Kuma da wane baki zan gaya wa Wasila?

Uban Juwairiyya, Bunguɗu

AMSA

Wa'alaikumus salam Malam. Ba zan ce maka ba ka yi kuskure ba. Ka yi, kuma shekara biyun nan lokaci ne da jiki da ƙwaƙwalwar yaro suka fi saurin karɓar taimako. Amma na fahimci tsoronka, bakin mutane ya sa iyaye da yawa sun ɓoye irin waɗannan yara a ɗaka. Zancen Mahadi ma ba shirme ba ne, akwai yaran da ke jinkiri su kamo. Sai dai likita ne ke tantance wannan, ba uba ba.

Ba ka makara ba, amma kada ka ƙara ko mako ɗaya. Ka kai Juwairiyya sashen yara na babban asibiti, ku tafi da katin rigakafinta. Ku gaya wa likita komai, musamman shawarar da ta yi tana jaririya, domin idan ta yi tsanani tana iya taɓa ji da motsi. Ka roƙi a gwada jinta, a kuma haɗa ku da masu gashin ƙashi. Masu koyar da magana ba su da yawa, ƙila a tura ku Zariya ko Sakkwato. In an tura ku, ku je. Duk motsa jikin da aka nuna muku ku riƙa yi mata a gida kullum, kai ma ka koya, ba aikin uwa kaɗai ba ne. Ku riƙa yi mata hira kuna kallon fuskarta. Addu'a kuwa a ci gaba, ba ta hana zuwa asibiti.

Ba zan yi maka alƙawarin za ta zama kamar yaron matar Tsafe ba. Kowane yaro da iyakar da Allah ya yi masa, amma ba za ku san tata ba sai kun fara.

Wasila kuwa, ka gaya mata kafin ku fita, kada ta ji a gaban likita. Shekara biyu tana haƙuri a kan maganar da ba a yi ba. Za ta yi fushi, ta yi kuka, haƙƙinta ne. Kada ka kare kanka, kada ka jawo sunan Inna. Ka ba ta haƙuri, sannan ka ce ta shirya yarinyar, gobe ba lodi.

Allah ya ba Juwairiyya lafiya, ya sanyaya zuciyar mahaifiyarta, kai kuma ya yafe maka.

Anti Balkisu