Gawon Baffa Na Ƙona A Murhuna

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi, da fatan kowa yana lafiya. Don Allah a sakaya sunana, kuma ku bari in kai aya kafin ku yanke mini hukunci.

Ga abin da nake gab da rasawa: shagon yawur guda da na gina a Dakoro daga tallar ruwan sanyi, da mutum guda da ke ba ni madara tun ba ni da firigo. Itatuwan gawo bakwai kuwa sun riga sun tafi.

Ni ɗan kasuwa ne, ban yi lakwal ba, wato makarantar boko. Madara nake saye hannun wani dattijo Bafillace daga wajen Korahane, zan kira shi Baffa, in dafa, in ɗaura yawur a leda. Da itace nake dafuwa, gurup kuma, wato janareto, yana jan firigo yana shanye mini gazuwal. Bara ƴan furoje, wato ma'aikatan wani shirin tallafi, suka zo, suka ce hayaƙin da masu sarrafa abinci ke turawa sama yana cikin abin da ke ƙara zafi yana rikita damina. Suka kafa mini fanon sola da batiri da tukunyar lantarki, bisa sharaɗin ba itace, ba gurup. Ba zan yi muku ƙarya ba, ba zafin duniya ya sa na yarda ba, kayan kyauta na gani.

Ba a jima ba ciniki ya fara ja da baya. Wata Hajiya mai sari a wurina ta ɗanɗana ta yamutsa fuska, ta ce, "Alhaji, wannan ai yawur ɗin asibiti ne. Ina ƙamshin nan naka?" Ashe ɗan hayaƙin da ke kama madara shi mutanenmu suka saba da shi, shi suke biya. In zauna ina kallon abin da na gina yana rushewa saboda ƙamshi? Sai na kama hayar wani kango a bayan gari, na gina murhu, can nake dafawa, in kawo shago a jarka in juye cikin tukunyar lantarki don masu leƙe. Ciniki ya dawo har ya fi da. Wani mai amalanke ke kawo mini itace, manyan gungume, da araha. Na san gawo ne, wane ɗan Dakoro ne bai san gawo ba? Na san kuma an hana saransa. Ban tambayi inda yake samowa ba, don ɗan kasuwa ya san tambayar da ba ya son jin amsarta.

Da rani ya yi nisa madarar Baffa ta koma rabin jarka. Na tsokane shi yadda muka saba, na ce, "Baffa, ko shanun sun koma shan shayi irinka?" Bai yi dariya ba. Ya ce, "Kaɗo, an yanke mini hannu." Ya ce a kwarin da ke bayan rugarsu akwai gawo bakwai tun zamanin mahaifinsa, su ne ke yin ganye da ƴaƴa lokacin da ciyawa ta ƙare, su ke riƙe shanu har ruwa ya sauka. Su Baffa sun kai dabbobi rijiya mai nisa, da suka dawo sai kututture. "Babbansu, ni na sassara masa matakala da gatarina ina saurayi," in ji shi. Sannan ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai dai Allah ya yi maka albarka da ka bar itace. Da kowa irinka ne, da ban ga wannan rana ba."

Yana tafiya na nufi kangon. A cikin tulin itacen na ga gungume mai sara a jere, tsoffin sara, sun yi sumul saboda tafin ƙafa. Rabinsa na riga na ƙona. Ni da nake taƙama ba a taɓa cutata a ciniki ba, ashe abincin shanun da ke ciyar da ni nake turawa a wuta. Wane irin wayo ne wannan?

Ranar na rushe murhun. Amma me ya gyaru? Masu sari sun fara komawa wurin wasu. Na kai wa Baffa buhun dusa, ya yi ta godiya har na kasa kallon idonsa. Ya ce dusa ba ta riƙe garke, kasuwa mai zuwa zai sayar da raunanan ya yi kudu da sauran, kuma ba ya jin zai dawo. Ko yau na dasa gawo, Baffa ba zai ga inuwarsa ba. Ga ƴan furoje sun aiko in je Maradi in tsaya gaban masu burodi da masu man gyaɗa in koya musu yadda na kashe hayaƙi. Da wane baki?

In na faɗa wa furoje gaskiya, za su kwashe kayansu, maganar kuma ta kai ga jami'an gandun daji. In na faɗa wa Baffa, zai tafi da baƙin cikina maimakon albarkar da ya sa mini. In na yi shiru, zai tafi yana yi wa wanda ya cuce shi addu'a, kuma wannan ya fi yi mini nauyi.

Na auna ta kowace fuska. Ribata ƙamshin hayaƙi na rani guda. Asarata madarar, da amanar, da mutumin.

Kasuwa ta kusa. Jama'a, me zan yi?