Ƙofar wadin da aka rufe wa Gwaggo Hajara

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Admin don Allah a ɓoye sunana. Jama'a ku taimaka mini da shawara, wallahi abin nan ya hana ni sukuni.

A ƙarshen shekarun casa'in, ina budurwa, aka yi wa Innarmu tiyata a wani asibiti a Gusau, ni ce mai jinyarta. Ana cikin haka amai da gudawa ya ɓarke a wadin mata, wato ɗakin da aka kwantar da su Inna. Likita ya ce ba kwalara ba ce, wata ƙwayar cuta ce mai bin hannu da kwano da buta. Kun san halinmu, a kawo fura ludayi ɗaya ya zagaye gado biyar. Kafin ka ce me, rabin wadin na kwance, har nas-nas sun kamu, wari kuwa ba a magana. Sai aka hana dubiya kwata-kwata.

Matar yayana, Anti Saratu 'yar Tsafe, nas ce a wadin. Rannan da hantsi na hango Gwaggo Hajara, ƙanwar Inna, ta taga. Tun daga Rawayya ta taso da kwanon tuwo a kai, ga jaririnta Nura a goye. Na faɗa wa Inna. A lokacin ita ma ta kamu, da ƙyar take magana. Ta riƙe hannun Anti Saratu ta ce don Allah kada a bar Hajara ta shigo da goyon nan, ko da nas ɗin ƙofa ta ji tausayi. Sannan ta sa mu duka biyu muka yi alkawari Hajara ba za ta taɓa jin daga bakinta maganar ta fito ba, don a wurinmu korar mai dubiya ba ƙaramin cin fuska ba ne, balle uwa ɗaya uba ɗaya.

Anti Saratu ta fita ta tare ƙofa. Gwaggo ta yi magiya, ta yi kuka, daga baya ta koma zagi, ta ce 'yar boko ta shiga tsakaninta da jininta. Anti ta ƙi matsawa daga ƙofar. Tuwon ma ba a karɓa ba. Bayan kwana biyu Allah ya yi wa Inna rasuwa, ba su gana ba.

Tun daga nan Gwaggo ba ta ƙara amsa gaisuwar Anti Saratu ba. Biki ko suna, in Anti ta zauna a tabarma sai ta tashi. Ni kuwa ina gani, bakina ƙum, raina na ƙuna.

To yanzu Nura ya girma, kuma ba wadda yake so sai Maryam, ɗiyar Anti Saratu. Yarinyar ma ta mutu a kansa. Gwaggo ta rantse in dai tana numfashi ba zai auri ɗiyar matar da ta hana ta ganin 'yar'uwarta ba. Na je wajen Anti na ce mu faɗi gaskiya, ta ce ita ta riga ta saba da baƙin jinin, kada in taɓa amanar mamaciya. Haba jama'a! Maryam fa duk ta rame, ita me ta yi?

Tsorona biyu ne. In na yi shiru auren ya lalace. In na faɗa na karya alkawarin uwata, kuma Gwaggo ga hawan jini, ban san yadda za ta ɗauki cewa yayarta ce da kanta ta ce a mayar da ita ba.

Malamai da iyaye na wannan gida, ya zan yi? In je Rawayya in gaya mata saboda Nuran da ke bayanta aka rufe ƙofar nan, ko in bar Inna da sirrinta?