Filin da Aka Bari a Ƙasan Allo

Yaya Iliya,

Gaisuwa mai yawa daga Yamai. Ina gajiya, ya yara, ya ƙafar Inna?

Jiya na je Katako karɓo allon ƙarfen da za a kafa a majami'ar ƙauyenmu, mai sunayen sojojinmu da suka rasu. Sunaye shida ne, amma maƙerin ya bar fili a ƙasa. Da na tambaye shi dalili sai ya ce, "Madam, kullum nakan bar wuri, don ana dawowa a ƙara."

Yaya, gabana ya faɗi. Sati uku ke nan Daniyel ɗina bai kira daga bakin daga ba.

Ka gaida Fasto. Ku taya ni roƙon Allah filin nan ya yi tsatsa ba a rubuta komai a kansa ba.

Ƙanwarka,
Saratu