Tabon Kaka a Jikin Bishiya

Zuwa ga yayana Mzoli,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Ubangiji ya sa takardar nan ta same ka da sauƙi, ya ɗauke maka ciwon kan da ya hana ka sakat tun shigowar bazara. Mu nan Hogsback lafiya lau, sai ruwa. Yau kwana tara ba mu ga rana ba, wanki ya ƙi bushewa, har Mama ta ce in ta ƙara kwana biyu a zaune gansakuka za ta tsiro mata a gwiwa. Gwiwar tana nan tana damunta, amma bakin ƙalau yake. Akuyarka ta haifi biyu, birai kuma sun gama mana da kabewar bayan gida.

To, maganar saƙonka. Ka ce in ɓantaro maka ɓawon umnukane, itacen nan da ake maganin ciwon kai da shi, daga bishiyar da marigayiya Kaka take ɗiba, ita kaɗai, don da ita ka yarda. Ranar Asabar na ɗauki ƙaramin gatari zan shiga daji, Mama ta ce ƙafarta ƙafata, wai ni ban iya roƙon bishiya ba, far mata zan yi kamar mahauci. Haka muka tafi tana dogara sanda tana mita. Hazo a kwance, ƙasa tana lotsawa, ganye yana ɗiga ko ba a ruwan. Ƙaton itacen nan da ya faɗi shekarar da ka tafi aikin ma'adinai ya ruɓe sarai, ƙananan itatuwa sun jeru a bayansa, wasu har sun fi ni tsawo.

Yaya, muna isa jikina ya yi sanyi. Masu cika buhu da ɓawo su kai birni sun riga mu. Sun feɗe bishiyar tun daga gindi har inda tsaninsu ya tsaya, rassa biyu sun riga sun bushe. Mama ta wanke ɓarayin tas da zagi, wai ko kura ta fi su kunya, Allah ya sa buhun ya yage musu a tsakiyar titi. Abin da ya rage ɗan siririn ɓawo ne, faɗinsa bai fi tafin hannuna ba, ya tashi daga saiwa ya haura sama. Ta nan kaɗai abincin da ganye ya yi yake sauka ga saiwa. In aka yanke shi, a tsaye bishiyar za ta mutu.

Ba zan ɓoye maka ba, na ɗaga gatarin. Na tuna yadda muryarka take rawa a waya, na ce a raina itace dai itace ne, kai kuwa kai kaɗai gare ni. Sai Mama ta riƙe mini hannu, ta ce in shafa wurin tukuna. Na shafa, na ji kaushi, duk ƙullutu. Ta ce in duba ina ya fuskanta, na ce gabas. Ashe nan ne Kaka take yanka, don gefen gabas kaɗai take taɓawa, faɗin yatsa biyu, ta shafe da laka, ta bar shi shekaru ya haɗe kafin ta koma. Mama ta ce tana amarya ita take ɗauko mata lakar daga rafi. Ɓarayin sun ga tabo ne, ba zai yi kyan gani a kasuwa ba, suka tsallake shi. Na zauna a kan jiƙaƙƙen dutse na sha kuka.

Ban yanka ba, Yaya. Mun kwaɓa laka mun shafe inda hannunmu ya kai, muka tsinko ganye kaɗan, shi ne a cikin ƙunshin nan. Mama ta ce ka daina taurin kai ka je asibiti su duba ka, girman naka ba zai ragu ba. Na san ranka zai ɓaci, nawa ma ya ɓaci. Amma wurin da Kaka ta yanka ta warkar, shi ne yake riƙe da ran bishiyar yau, hannuna ya ƙi. In fushi za ka yi, ka zo gida a Kirsimeti ka yi shi a gabana, in ba ka gatarin mu je tare, ka shafa wurin da kanka.

Ka gaida matarka Nolitha, da Anelisa da Qhama. Mama da Kawu Zwelethu suna sa muku albarka.

Ƙanwarka mai kewarka,
Zukiswa